Abin da Ba a Taɓa Saya Ba

Ko takalmi ban cire ba Kawu Manaja ya ɗauke ni aiki. Ina zaune a tsakar gida, jakata a gefe, Umma tana juya fuskata hagu da dama tana cewa duk shekarun nan da na yi a waje ba abin da na ƙaro sai tsawon wuya, sai ga shi ya shigo cikin kwat ɗin nan nasa mai maɓalli ɗaya. Bai tambaye ni ya hanya ba. Dafa kafaɗata ya yi, ya ce Allah ne ya kawo ni daidai lokacin da ake neman ƙwararre.

Kawu ƙanen Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan Manaja ya samo shi ne tun ranar da manajan wani gidan mai ya bar masa kujera ya tafi cire haƙori. Kafin mutumin ya dawo, Kawu ya kori ma'aikaci ɗaya, ya ba wani hutu, ya kuma sa an sake wa bango fenti. Aikin bai kai yamma ba, amma sunan ya zauna daram. Tun daga nan ya yi kiwon kaji, ya yi dillancin babura, ya buɗe makarantar koyon tuƙi ba tare da mota ba. Duk wanda ya rushe sai ya ce mutanen layinmu ne wayewarsu ba ta kai nan ba.

Wannan karon shagon kwana ya sa a gaba, wanda ke bakin layi, mai ƙofa biyu, wanda yake rufe tun rasuwar mijin Uwar Layi. Uwar Layi ita ce tsohuwar da rabin shagunan layin nata ne. Ta ce a taron hutun ƙarshen shekara, ranar da 'yan haya da maƙwabta ke cika tsakar gidanta kowa da 'yar kyautarsa, a nan za ta faɗi wanda za ta ba haya. Mutum biyu ke nema: Kawu da Mai Aski, wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo a wuyan mutane in ana ruwa. Kawu kuwa ya kai shekarun da ya kai bai taɓa riƙe makullin da ba na ɗakin kwanansa ba, kuma abin yana cinsa fiye da yadda kwat ɗin ke nunawa.

Ya zaunar da ni ya zayyana mini shirin. Duk lokacin hutu, in ji shi, mutanen layin nan sai su shiga mota su tafi manyan kantuna su sayo wa 'yan'uwa kyauta, alhali ga masu sana'a a ƙofar gidansu, ga masu kawo kaya daga garuruwan kewaye. Shi zai buɗe shagon da zai riƙa haɗa abu ɗaya daga kowane shago a akwati guda, mutum ya ɗauka ya kai wa surukarsa ya huta. Akwatin farko kuma Uwar Layi za a kai wa a gaban kowa. In ta buɗe, da kanta za ta tashi neman makulli.

Gaskiya shirin ya burge ni, na kuma gaya masa. Umma ta leƙo daga kicin ta ce ai shirin ƙanenta kullum mai kyau ne in yana zaune, matsalar tana farawa ne in ya miƙe tsaye.

Na tuna masa cewa ni a can aikin da na yi bai wuce naɗe kwali a wani gidan ajiyar kaya ba. Ya ce daga yau ni masanin shirya kyauta ne na ƙasa da ƙasa, aikina kuma in tura baro in riƙa gyaɗa kai.

Washegari muka fara da mai takalma. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a aljihu, ya ƙi ko kallon takalman da aka jera a gaba. Mai takalma ya ɗauko masa wanda ya fi tafiya, ya ce ko jiya an sayi irinsa. Kawu ya ture shi da bayan hannu.

"Ni ba na son abin da kowa ke saya. Ka ba ni abin da ba a taɓa saya ba."

Mai takalma ya dube shi, ya dube ni. Na gyaɗa kai, tunda aikina ne. Ya tambaya ko da gaske Manaja yake. Kawu ya ce shi tun da yake bai taɓa wasa da kasuwanci ba. Mutumin ya taka kujera, ya miƙa hannu can bayan kanta, ya sauko da wani kwali, ya hure shi har sai da muka yi atishawa. Takalmi ne sau-ciki, ja, fatar tana sheƙi, ɗinkin kamar an zana. Ya rantse tun da ya ɗinka shi ba mahaluƙin da ya saya. Da Kawu ya kai hannu aljihu sai ya riƙe masa hannu, ya ce haba Manaja, ai tsakaninsu babu wannan, ya ɗauka kawai.

Da muka fito Kawu ya ce in lura da kyau yadda ake girmama shi a layin nan.

Wajen mai agogo ma haka aka yi. Kawu ya maimaita maganarsa, kalma bai canza ba. Mai agogo ya washe baki kamar wanda aka gaya wa 'yarsa ta sami miji, sannan ya shiga ciki ya fito da wani agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, naɗe cikin tsumma, yana riƙe da shi a hankali kamar ƙwai. Ya roƙe ni in guji ramuka in ina tura baro. Tela ya ba mu wata riga a ninke, mai nauyin da sai da na sa hannu biyu. Mai madubai ya ba mu madubi a juye, ya ce kada mu duba sai an kai. Mai kayan ƙarfe, da ya ji buƙatar, har fitowa ya yi ya rungume Kawu, ya ba shi wani ƙaton kwaɗo na tagulla, ya ƙara masa da lema da aka ɗaure ta tamau da igiya.

Kafin mu kai ƙarshen layi labari ya riga mu. Masu shaguna suka fara tsayawa a ƙofa suna jiranmu, kowa da abinsa a hannu, an goge. Har mai zumar nan da ke saukowa daga ƙauyukan tudu a kan babur ya tare mu, ya miƙo wata kwalba mai kumfa a wuya, ya ce wannan ta daɗe tana yawo da shi gari-gari, ba ta sami mai rabonta ba sai yau. Kawu ya ce ka ji mutumin da ya san darajar kaya.

Mai Aski yana rumfarsa, kan wani dattijo a hannunsa, ya bi baronmu da ido.

"Manaja, kwangilar shara ka samu?"

"Kai dai ci gaba da bayan kan mutane. Abin da ke cikin kai ka bar mana."

"To Allah ya sa a sami wani abu a ciki."

Dattijon da ake wa aski ya yi dariya har aka yi masa 'yar tsaga a kunne. Kawu ya ce hassada ce, da ma haka take fara cin na kusa.

A gida, Kawu ya samo wani akwatin katako, ya bar mini shiryawa, shi kuma ya shiga kai-komo a tsakar gida yana haddace jawabin da zai yi. Na fito da takalmin na ajiye a ƙasa don in goge. Na dube shi. Na sauya musu wuri na sake dubawa. Duk yadda na jera su, hancinsu gefe ɗaya yake kallo. Hagu ne da hagu.

A nan wata kalma da na manta da ita a shekarun da na yi a waje ta dawo mini, kafin in furta kuma Umma ta riga ni. Ta tsaya a kaina, ludayi a hannu, ta ce, "Ƙanena, kwantai suka ɗora maka."

Kawu bai ko juyo ba. Ya ce Yaya tun yana rarrafe ba ta taɓa yarda zai yi tafiya ba. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce shi yana kan manyan al'amura, kada in kawo masa maganar ƙafa. Umma ta ce aƙalla ya warware rigar ya ga girmanta. Don ya kashe maganar sai ya zo ya tura komai cikin akwatin, ya cire igiyar lemar saboda wai tana ɓata tsari, ya danne murfi da gwiwa, ya maƙala kwaɗon tagulla ya datse. Na tambaye shi makulli. Ya shafa aljihu, ya ce yana wajen mai kayan ƙarfe, a taron zai karɓa a gaban jama'a, abin ma ya fi armashi.

Ranar taro muka fito da hantsi, Kawu a gaba, ni da baro a baya. Na yi iya ƙoƙarina wajen kauce wa ramuka, amma layinmu ramin ya fi hanyar yawa. Muna wuce shagon tela tayar ta faɗa wani rami, agogon ya ɗauki ƙara a cikin akwati. Ba irin ƙarar da ke tashin mai barci ba ce, irin wadda ke tashin unguwa ce. Kaji suka watse. Wata mata ta fito da bokiti tana tambayar ina gobarar. Kawu ya riƙa ɗaga wa mutane hannu yana cewa sabon salo ne, kyauta mai sanar da isowarta, yaronsa ne ya zo da fasahar daga waje. Na gyaɗa kai.

Can kuma na ji wani huci-huci yana fita ta tsagar katako, ga wani ruwa mai danƙo yana ɗiga a kan tayar. Ƙudaje suka fara zuwa, sannan ƙudan zuma, su kuma ba su zo da wasa ba. Na ƙara sauri, Kawu ya ƙara sauri don kada in wuce shi, a haka muka shiga gidan Uwar Layi kusan da gudu, da ƙararrawa, da rakiyar ƙwari.

Tsakar gidan a cike take. Duk waɗanda suka ba mu kaya suna nan zaune, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Uwar Layi tana kan kujerarta a inuwa. Mai Aski ya riga mu, kyautarsa kuwa matashin kai ne daga wajen mai katifa, irin wanda ke kowane gida. Tsohuwar ta riga ta cusa shi a bayanta ta jingina.

Kawu ya gyara maɓallinsa ya fara jawabi. Ba wanda ya ji ko kalma, agogo ya hana. Mun dai ga bakinsa yana motsi, hannunsa yana nuna sama, yana nuna akwati, yana nuna Mai Aski da matashinsa cikin tausayi. Daidai inda ya tsaya shan iska agogon ma ya yi shiru, sai muryarsa ta fito tar yana cewa mai kayan ƙarfe ya kawo makulli.

Mai kayan ƙarfe ya sosa ƙeya.

"Manaja, ai da yana da makulli da tuni an saya."

Wani ya yi tari a baya. Kawu ya ce ya sani, gwada shi yake yi, a kawo guduma. Aka kawo. Ya ƙi ba ni, ya ce buɗe irin wannan sai da ilimi. Bugun farko ya sami katako, agogo ya farka. Na biyu ya sami babban yatsansa. A na uku ƙarfen da ke riƙe da kwaɗon ya tsinke, murfi ya yi sama, lema ta buɗe da kanta kamar an kira sunanta, ta daki Kawu a ƙirji. Maɓallin kwat ɗin, shi ɗaya tilo, ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin wani baƙo. Kafin a gama kallon wannan, murfin kwalbar zuma ya tashi da ƙara, kumfa mai tsami ta yi feshi a kan kowa da ke kusa, Kawu ya fi kowa samun rabo.

Uwar Layi ba ta motsa ba. Ta ce a matso mata da akwatin ta ga arzikinta.

Mai agogo ya rarrafo ya kifa agogon a ƙasa ya zauna a kai, ya ce sai an yi masa haka yake yin shiru. Tsohuwar ta ɗauko madubi ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe haka hancinta ya cika fuska, duk shekarun nan ba wanda ya gaya mata. Mai madubai ya yi sauri ya ce ba hancinta ba ne, gilashin ne ya lanƙwashe tun a mota. Ta sa aka warware rigar. Mutum biyu suka riƙe kafaɗun suna ja da baya, har ɗaya ya kai bakin rijiya. Tela ya ce wani ƙato ne ya ba da ɗinki ya bar gari, tun daga nan yake jiran wani mai irin jikinsa ya ratso ta layin.

Sai takalmi. Ta sa ƙafar hagu, ta yaba laushin fatar. Ta ɗauki ɗayan, ta juya shi, ta dubi ƙafarta ta dama, ta dubi mai takalma. Ya sunkuyar da kai ya ce a satin da matarsa ta haifi tagwaye ya ɗinka, lokacin ko sunansa aka tambaye shi sai ya yi tunani.

Kawu ya goge zuma daga gira ya juya kan masu shaguna. Ya ce an ci amanarsa, an haɗa baki da Mai Aski, shi da ya zo ya ɗaga darajar sana'arsu su suka zuba masa shara a baro. Mai takalma ya ɗago kai a hankali.

"Manaja, tsakani da Allah, me ka ce in ba ka?"

Kawu ya buɗe baki. Bai sami damar amsawa ba, domin tela da mai agogo da mai madubai da mai kayan ƙarfe, har da mai zuma daga bakin ƙofa, suka amsa masa baki ɗaya kamar 'yan makaranta: abin da ba a taɓa saya ba.

Kawu ya ce shi nufinsa abu na musamman, wanda babu irinsa a hannun kowa. Tela ya ce ai kuwa babu irin rigar nan a hannun kowa. Uwar Layi ta ce ita tun tana amarya take zaune a layin nan, kuma abin da ba a taɓa saya ba suna ɗaya gare shi, ko yaron goye ya san shi. Tsakar gida ta kece da dariya, har Umma da ta zo da niyyar ɗaure fuska sai da ta rufe baki da mayafi.

Tsohuwar ta bari aka lafa. Sannan ta buɗe 'yar jakarta ta fito da makulli, dogo, mai zare ja a wuya. Kowa ya san shi.

"Manaja, zo ka karɓa."

Ban taɓa ganin mutum ya farfaɗo da sauri haka ba. Kawu ya haɗa gaban kwat ɗinsa da hannu ɗaya, ya karɓi makullin da ɗayan, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya ce da ma ya san mai hangen nesa ba ta kallon kumfa, ainihin tunani take kallo. Ya yafe wa masu shaguna. Ya ce wa Mai Aski kada ya damu, in ana ruwa zai iya fakewa a barandar shagon, muddin bai zubar da gashi ba. Har ya fara gode wa Yayarsa da ba ta taɓa yarda da shi ba.

"Ban gama ba," in ji Uwar Layi. "Shagon nan cike yake har rufi da kayan marigayi, waɗanda su ma ba a taɓa saya ba. Na daɗe ina tunanin wanda zai raba ni da su, ashe kana nan kusa. Ka kwashe su tas kafin hutu ya ƙare, ka share, ka kai wa Mai Aski makullin. Zai shigo da kujerunsa."

Hannun Kawu ya daɗe a sama kafin ya tuna ya sauke. Mai Aski ya taso ya yi wa tsohuwar godiya, ya juyo ya ce wa Manaja askin farko a sabon shago nasa ne kyauta, har da wanke zumar. A daidai nan mai agogo ya gyara zama, agogon ya sake ɗaukar ƙara.

A hanyar gida Kawu ya yi ta juya makullin a hannu har muka wuce shagon kwana. Can ya ce ko ba komai shi ya fara riƙe makullin kafin Mai Aski, kuma jama'a shaida ne. Da muka kai ƙofar gida ya riga ya gano cewa wanda ke da kaya cike da shago rabin ɗan kasuwa ne, saura wurin zubawa kawai, ya kuma fara auna tsakar gidan Umma da ido. Ta ce in ya kuskura ya shigo mata da ko cokali, da shi da cokalin za su kwana a titi.

Ni kuwa jakata tana nan a bakin ƙofar ɗaki yadda na zo da ita, ko zif ban zuge duka ba. Tun ranar da na sauka nake cewa hutu na ƙarewa zan ƙara gaba, ban dai san ina ba tukuna. Da na shiga sai na tarar da jan takalmin nan a kan jakar, an goge masa zuma. Ashe Umma ta roƙi Uwar Layi ta bar mata.

"Kyautarka ce ta hutu," in ji ta daga bayana. "In ka tashi tafiyar ka sa su. Duk inda ka nufa, hagu-hagu za ka yi ta yi har ka dawo ƙofar nan."

Kawu yana waje yana ƙwala mini kira in fito da baro. Na zura takalman na nufi ƙofar gida, na tsinci kaina a gaban tukunyar Umma.